Yadda muka kai fulawoyin Yaya daga Hotoro zuwa Ibadan

Asabar, 11 ga Janairu 2025

An yi wa mijin Yaya canjin wurin aiki zuwa Ibadan. Ita da yara sun riga sun yi gaba saboda makaranta, kayan gida kuwa sai tsakiyar Fabrairu za su bi su, ana dai so komai ya isa kafin azumi. Gadaje da kujeru da kwanuka an damƙa wa ƙanin mijinta. Fulawoyi ni aka bar wa, don duk gidanmu ni da ita ne kaɗai ke da wannan jarabar.

Yau na je gidan nasu a unguwar Hotoro, nan Kano, na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga falo zuwa baranda zuwa tsakar gida. Nauyin duk na tukwane ne. Tukwanen simintin da ke bakin ƙofa, ƙarti biyu sai da nishi suke ɗaga ɗaya, abin da ke ciki kuwa moda ce wadda yaro zai ɗauka da hannu guda. A biya kuɗin mota a kan siminti da ƙasar Hotoro har tafiyar kusan kilomita 1,000, ni dai ban ga dabara a ciki ba. Ƙasa akwai ta a Ibadan, masu yin tukwane ma akwai su. Shukar ita ce abin kaiwa.

Na kasa su kashi uku. Akwai waɗanda za su tafi tsirara, ba tukunya ba ƙasa: moda, alobera, kariya, da ƙananan masu ƙayar nan na kan taga. Akwai waɗanda dole su tafi da ƙasarsu, amma a baƙar leda irin ta masu reno: wardi, kuroton, yasmin, kwakwar ado ta falo, da mai faffaɗan ganyen nan mai ɗigo-ɗigon fari, difenbakiya. Sai waɗanda ba inda za su: bogenbiliyar da ta haye katanga, lallen bayan kicin, da lemun tsamin da ke cikin rabin duro. Su reshe kawai za a yanka a jikinsu.

Na kira ta na karanta mata. Komai ta yarda, ban da lemun tsami.

"Yaya, saiwarsa fa ta huda gindin duron ta shige ƙasa. In aka tumɓuke shi da sanyin nan, ko Kwanar Ɗangora ba zai kai da ransa ba."

"Bara fa ya fara 'ya'ya. Ki san yadda za ki yi da shi."

Na tuna mata cewa garin da ta koma nan ne hedikwatar NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu da itatuwan marmari ta ƙasa, tun 1975, mu nan reshenta kawai gare mu a Bagauda. Dashen lemo mai aure ba zai yi mata wuyar samu ba. Ta ce za mu sake magana, wanda a bakin Yaya ba yarda ba ce.

Talata, 14 ga Janairu

Na biya wurin Baba mai fulawa, cikin masu reno a bakin titi a Nassarawa, wanda nake sayen taki a hannunsa. Na zayyana masa komai. Bai ɗago daga ledojin da yake cikawa ba ya ce, "Hajiya, shuka ba ta ɗaukar wahala biyu rana ɗaya. Dashe wahala ne, tafiya wahala ce. Ki raba su."

Abin da yake nufi, siraran saiwoyin nan na ƙarshe su ne ke shan ruwa, su ne kuma ke fara tsinkewa in an cire shuka daga tukunya. Sai ta yi mako uku zuwa huɗu kafin ta fitar da sababbi. Wanda ya yi dashe ana gobe tafiya, ya ɗora wa mota shukar da ganyenta ke zubar da ruwa, saiwarta kuma ba ta iya mayarwa. Ya kuma hana ni zuba takin zamani daga yanzu har a isa, don taki sabon toho yake jawowa, sabon toho kuwa shi ne farkon yin yaushi a hanya. Rassa ma a rage kamar kashi ɗaya cikin uku.

Na karɓi ledojin reno da ɓuntun shinkafa a wurinsa. Na wuce Ƙofar Wambai na sayi bahon roba masu zurfi. Kwalaye sai an kusa, a Singa.

Asabar, 18 ga Janairu

Ranar dashe. Tun jiya da yamma na sa maigadi ya ba su ruwa don ƙasar ta riƙe kanta.

Da wardi na fara. Na kwantar da tukunyar a kan tsohon buhu, na zagaya bakinta ta ciki da wuƙa, na bubbuga gindin da tafin hannu, na riƙe kututturen na ja a hankali. Ta fito curi guda, saiwa ta naɗe kanta ta naɗe har ƙasar ma ba a gani sosai, daidai siffar tukunyar. Na warware ta ƙasa da yatsu. Farare da masu ruwan ƙasa-ƙasa masu tauri na bari. Baƙaƙen da ke ɓarewa a hannu suna warin ruɓa na yanke da almakashi. Haɗin da na zuba a leda ƙasa ce kashi biyu, yashi ɗaya, ɓuntu ɗaya, sai ɗan ruɓaɓɓen takin awaki. Ba nauyi, ruwa kuma ba ya kwanciya a ciki.

Kwakwar falo ce ta ƙi fitowa. Tukunyar yumɓu ce mai ƙaramin baki da faɗin ciki, saiwa ta cika cikin tam. Na sa aka ɗauko guduma. Maigadi ya ce, "Hajiya, wannan tukunyar da kuɗinta fa." Da kuɗinta kam, amma ko an ɗora ta a mota ban ba ta Bida ba tare da ta tsage ba, kwakwar kuwa ta girmi autan Yaya. Na fasa ta.

Abin da muka tarar a ƙarƙashin tukwanen ya isa hujja ga duk mai son ɗaukar su yadda suke: gara ta yi hanya a gindin ɗaya, tururuwa da ƙwayayenta a wata, sai kunama da ta fito daga ƙarƙashin ta siminti ta nufi ƙafar maigadi. Waɗannan ne za a jera kusa da katifun yara kwana biyu.

Difenbakiya da kariya da safar hannu na taɓa su, na kuma kori 'ya'yan maƙwabta da suka zo kallo. Ruwan jikin difenbakiya in ya shiga baki yana kumbura harshe da maƙogwaro. Kariya kuwa guba ce sosai, mafarauta a wurare da dama na Afirka da ita suke dafin kibiya.

Duk na jera su a baranda, na ɗaura tsohuwar tabarma ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke shigowa.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau na yanki rassa. Na bogenbiliya da lalle masu kaurin fensir na zaɓa, tsawon taƙi guda, na zage ganyen ƙasa na bar biyu a sama, na soka su a baho mai yashi da ɓuntu wanda na huda wa gindi. Na lemun tsami ma na yanka, don dai a ce an yi, ban sa masa rai ba. Na'a-na'a da ciyawar shayi ba sa buƙatar wannan duka, a raba gindi a dasa shi ke nan. Mai yaɗon nan na falo da ke rayuwa a kwalbar ruwa shi ma haka.

Na kafa ƙananan sanduna a bahon na lulluɓe shi da farar leda. Reshe ba shi da saiwa, iskar Kano kuwa a wannan wata ko wanki aka shanya ba ya jimawa, to ledar ce ke tare gumin ya koma ƙasa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya rufe shuke-shuke a akwatin gilashi a 1833 ya aika su Sidni ta Ostareliya a jirgin ruwa, wata da watanni a teku, suka isa da ransu. Da irin akwatinsa aka riƙa kai shayi da itacen roba ƙasa-ƙasa daga baya. Sharaɗin dai ɗaya ne a nan garin, kada rana ta taɓa ledar, in ba haka ba dafa su za a yi.

Na kuma juya ganyayen kuroton na ga siririyar saƙa da jajayen ƙwari ƙanana, sai an ƙura ido ake ganin suna motsi. Ƙura da bushewar iska ke kawo su. A hammatar ganyen difenbakiya kuma ga farin ƙwaron nan mai kamar auduga. Na daka 'ya'yan darbejiya na jiƙa su kwana, na tace, na ɗiga sabulu kaɗan, na fesa da yamma, musamman ƙasan ganye. Za a maimaita duk mako, don feshin farko ba ya gamawa da ƙwayaye. A cikin kwali a rufe, shuka ɗaya mai ƙwaro duk sai ta rarraba wa sauran.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Kuroton ya zubar da ganye, wardi ma ya yi rawaya ta ƙasa. Maigadi ya ɗauki hoto ya tura wa Yaya kafin ya gaya mini, sai ga waya tun kafin in karya. Na je na kankare bawon kowane reshe da farce: kore shar a ciki, da danshi. Suna nan da ransu, fushin dashe ne.

Abin da ya fi damuna ledojin jagab suke. Bawan Allah da ya ga ganye na zuba sai ya ƙara ruwa safe da yamma. Na nuna masa ya riƙa cusa yatsa har gaɓa ta biyu, in ya ji sanyi ya bar ta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Direban da ƙanin mijin Yaya ya samo ya zo ganin kaya. Kanta ce mai buɗaɗɗen bodi da tamfol. Ya ƙare wa ledojin kallo ya ce ai mai sauƙi ne, in an gama lodi sai a ɗora su a sama a ja tamfol.

Na ce, "Malam direba, a nan ne fa ba za mu shirya ba."

Saman kaya shi ne wuri mafi muni a motar. In an bar su a buɗe, iskar gudu ta yayyaga ganyen ta tsotse ruwansa kafin a kai Zariya. In an rufe, tamfol ya kwanta a kansu ya ɗauki rana tun hantsi. Ko ƙaramar mota aka rufe aka bari a rana, zafin cikinta kan haura na waje da kusan digiri 20 cikin awa guda, ballantana ƙarƙashin baƙin tamfol. Ga shi sanyi ya fara ja baya, yanzu da azahar rana da ƙarfinta. Can baya kusa da ƙofa kuma nan ne mota ta fi wurgi da kaya in ta faɗa rami, nan ne ƙura da hayaƙi ke taruwa.

Mun daɗe muna ja kafin muka tsaya a kan haka: teburin cin abincin Yaya zai tsaya da ƙafafunsa a ƙasan bodi, daf da kan mota, a ɗaure shi. Bahunan shuka su shiga ƙarƙashinsa, komai ya zame a hanya a kan tebur zai tsaya. Ta gefe za a bar tamfol a ɗage kamar kamu ɗaya, a tare wurin da tsohon gidan sauro ninki biyu, iska ta shiga ba da ƙarfi ba. Abin da aka fara lodawa shi ake saukewa a ƙarshe, wannan ya so ya ɓata tsarin, sai yaron motar ya nuna mini gefen bodin yana buɗewa. Shi ke nan.

Hanyar da zai bi ita ce Zariya, Kaduna, Suleja, Lambata, Bida, Mokwa, a haye Kwara a gadar Jebba, sai Ilori, Ogbomoso, Oyo, Ibadan. Ta Birnin Gwari ta fi kusa, amma ya ce ba ya bin ta, ban kuma tambaye shi dalili ba, kowa ya sani. Tunda cikin gida ne ba maganar takarda. Da ƙetare iyaka za a yi da su, sai an nemi shaidar lafiyar shuka daga NAQS, hukumar da ke tantance lafiyar kayan gona masu shiga da fita ƙasa, kuma ƙasashe da yawa ba sa barin a shigo da turɓayar da ke jikin saiwa ko kaɗan.

Bahon rassa da difenbakiya ƙarama da mai yaɗo ba za su shiga kanta ba. Abban yara zai zo ɗaukar motarsa, za su zauna a ƙasa bayan kujera, ba a but ba, ba kuma a saitin iskar na'urar sanyaya mota ba.

Maganar lemun tsami ta mutu yau. Baba mai fulawa ya zo ya leƙa ƙarƙashin duron, ya yi magana da Yaya ta wayata. Ya ce zai datse saiwar da ta shiga ƙasa rabi yanzu, rabi bayan wata biyu, in damina ta zauna a mayar da shi gidana a Gyaɗi-Gyaɗi. Mai gidan ya yarda. Abin da na faɗa mata shi Baba ya maimaita, amma daga bakinsa ta karɓa.

Kafin in tafi na tuge moda da alobera da kariya, na kakkaɓe ƙasar, na shanya su a inuwa don inda saiwa ta karye ya bushe ya rufe.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ruwan ƙarshe yau da safe, kwana biyu kafin tafiya. Mutane na ganin tausayi ne a cika shuka da ruwa ranar lodi, wai guzuri. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi ce, tana kwaɓewa da girgizar mota, tana jiƙa kwali ya ɓarke, saiwa kuma ta kwana cikin ruwa mai ɗumi ba iska. Busasshiya ƙayau ita ma marmashewa take ta tsinka saiwa. Danshi ake so, irin wanda in ka dunƙula ƙasar za ta haɗu amma ba za ta ɗiga ba.

Naɗi ya ci yinin duka. Kowace leda na cusa dunƙulen jarida a saman ƙasar, na tattare bakin ledar na ɗaure a jikin kututture da tsumma, ba da igiyar roba mai yanka ba, yadda ko ta kife ƙasa ba za ta zube ba. Ganyen na tattaro shi sama na naɗe da jarida, na bar saman a buɗe. Ganyayen kwakwa na haɗa su na ɗaure sako-sako da tsohon ɗankwali. A cikin baho na matse ledojin da juna, na toshe duk wata kafa da yagaggen kwali, har sai da na jijjiga bahon ba abin da ya motsa.

Tsirarun kuwa jarida kawai, sai kwalin da na huhhuda. Leda ba ta zuwa kusa da su, gumi ne ke ruɓar da su. Moda da alobera da dare suke buɗe ƙofofin ganyensu su shaƙi iska, da rana a rufe suke, shi ya sa ruwansu ba ya saurin ƙarewa. Mako biyu a kwali ba zai yi musu komai ba. Masu ƙaya da cokali mai yatsu da ninkakken kwali na kama su. Na rubuta "SAMA" da kibiya a kowane kwali, ko da yake na san ba kowane ɗan dako ke dubawa ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An fara lodi bayan asuba. Na tsaya a kan teburin har aka ɗaure shi, na hana a jingina tukunyar gas da janareta a wajen. Yaron mota na ja gefe, don shi ne zai yi aikin ba direba ba. Na ba shi kwalbar feshi da jarkar ruwa da ɗan na goro, na karɓi lambarsa. In an tsaya a nemi inuwa. In tsayuwar za ta yi tsawo ya ƙara ɗage tamfol. Kada ya zuba ruwa a leda ko ya ga sun langaɓe, feshi kawai a jikin jarida da yamma.

Sun tashi da hantsi, an ɗan makara.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Sun kwana a Lambata ranar Asabar. Jiya da tsakar rana cunkoson tireloli ya riƙe su kafin Mokwa, ba gaba ba baya, ba kuma inuwa. Na yi ta kiran yaron har ya ɗauka. Ya ce ya ɗage tamfol ta gefe biyu ya rataya bargonsa ta wajen rana. Allah ya yi masa albarka, wannan ba na cikin abin da na gaya masa.

Yau da safe suka shiga Ibadan. Yaya ta kira ni ta bidiyo tana kwance jarida ina kallo. Kwakwa ko gezau. Wardi ya sunkuyar da kai amma rassan da ƙarfinsu. Kuroton saura sanda. Ledar yasmin ɗaya ta fashe ta gindi, saiwar ta kwana a waje. Babbar difenbakiya ta karye a tsakiya, na ce kada ta yar, ta bar karyayyen ya sha iska kwana ɗaya ta soka a yashi, gindin ma zai sake fitowa. Na motar Abban yara tun jiya suka isa, kamar ba su je ko'ina ba.

Ta ce bari ta fitar da su rana su farfaɗo.

"A'a Yaya, don Allah. Kwana biyu suna duhu. Inuwa mai haske, ruwa sau ɗaya ya ratsa, sai ki ƙyale su."

Dashe a tukunya sai bayan mako biyu, taki sai bayan wata. Tsirarun ta dasa su yanzu a ƙasa mai yashi da yawa, amma kada su ga ruwa sai mako ya zagayo.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Yau ake duban watan azumi. Rahoton Ibadan: yasmin mai fasasshiyar leda ta mutu, kuroton ɗaya ya bushe har gindi, ɗayan ya fara fitar da ido. Wardi ya yi jan toho. Moda da alobera ba a ma maganarsu. A bahon rassa lalle ya tsiro, bogenbiliya wasu sun yi ganye, na ce kada ta ja su don duba saiwa, ganye kan riga saiwa fitowa, ta riƙa buɗe ledar kaɗan-kaɗan dai kullum. Sauran rassan da suka yi baƙi ta cire su kada su shafa wa na kusa.

Aikin da ya rage na yanayi ne. Waɗannan shuke-shuke sun saba da Kano, inda ruwan shekara yawanci ba ya kai milimita 1,000, kusan duk tsakanin Yuni da Satumba. Ibadan ya haura 1,200, yana farawa tun Maris ko Afrilu ya kai Oktoba, ga laima a iska. Hannun Yaya ya saba da ban ruwan Hotoro, sai ta rage shi sosai. Kariya da masu ƙaya su koma ƙarƙashin rufin baranda kafin ruwan farko, a ɗora tukwanensu a kan bulo don gindi ya riƙa tsanewa. Wardi a ba shi fili iska ta ratsa, a riƙa zuba masa ruwa a gindi ba a ganye ba, saboda baƙin tabon da laima ke kawowa. Dodon koɗi ma zai fito da dare ya ci sabon toho, abin da ba ta saba yaƙi da shi a nan ba. Na ce ta turo mini hoton ganyen wardin, sama da ƙasa, mako guda bayan an yi ruwan farko.